Veracruz ko Kankun: ina ya fi dacewa a kai iyali hutu a Meziko?

Abban_Khadija:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Ina zaune a Houston da iyali, kuma bana mun yi niyyar idan yara sun samu hutun Disamba mu leƙa Meziko. Duk wanda na yi wa maganar sai ya ce Kankun. Amma akwai wani abokin aikina ɗan jihar Veracruz da ya dage cewa in dai ƙasar nake son gani, jiharsu zan je, kuma kuɗin da zan zuba wa otal a Kankun zai ishe ni in zaga can har in yi tsaraba. Uwargida dai teku take so. Yaran, babbar shekararta 12, ƙaramin 7, ruwa da yashi ne damuwarsu. Ni kuma tarihi nake so. Fasfo ɗinmu na Najeriya ne, amma muna da katin zama na dindindin a Amurka. Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya faɗa mini tsakani da Allah: Veracruz ta cancanci a kwashi mata da yara a je, ko in bi inda kowa ke bi?

Bakatsine_Dallas:
Wa alaikumus salam. Malam, in uwargida ta ce teku take so, Kankun za ka kai ta. Farin yashi, ruwa garau kana hango ƙafarka a ciki, ga ma'aikatan otal suna jin Turanci. Abokin aikinka garinsu yake yabo, kowa ma haka zai yi.

Ɗalibin_Puebla:
Yaya Abban Khadija, ni karatu nake yi a Puebla, jihar da ke maƙwabtaka da Veracruz, kuma can muke gangarawa idan an yi hutu. Abin da Yaya Bakatsine ya faɗa kan ruwa gaskiya ne. Kankun a tekun Karibiyan take, Veracruz kuwa a gaɓar mashigin tekun Meziko. Yashin bakin ruwan birnin Veracruz toka-toka ne, ruwan ma ba ya yin shuɗin nan na hoto, saboda koguna irin su Jamapa da Papaloapan suna zubo laka, ga babbar tashar jiragen ruwa a gefe. In Anti ta riga ta cika idonta da hotunan Kankun, bakin ruwan Veracruz irin su Mocambo da Villa del Mar ba za su burge ta ba.

Abin da ya fi damuna ma watan da ka zaɓa ne. Daga wajen Oktoba zuwa Maris akwai wata iska da suke kira norte, daga arewa take tasowa. In ta shigo sai teku ya tumbatsa, a kafa jar tuta a bakin ruwa, a hana ƙananan jirage fita, yashi ya riƙa shiga ido. Takan yi kwana biyu ko uku ta lafa, daga nan gari ya yi daɗi, babu zafi babu gumi. Disamba tsakiyar lokacinta ne. Kana iya dacewa da mako mai kyau, kana iya kuma iske ta tana jiranka.

Uwar_Tagwaye:
Mu mun je da yaranmu daga Kanada, kuma ina roƙon kada a yanke wa wurin hukunci da yashin cikin gari. Akwai duwatsun murjani a cikin teku a gaban birnin, gwamnati ta killace yankin tun 1992. Idan aka wuce Boca del Río aka isa wani garin masunta, Antón Lizardo, ana hawa kwale-kwale mai inji zuwa tsibirin Isla de Enmedio. Can ruwan tas yake, yara na ganin kifi da idonsu. Amma kamar yadda ɗalibinmu ya faɗa, ranar iska babu kwale-kwalen da zai fita. Ranar da aka hana mu sai muka kai su gidan kifaye da ke cikin gari, a nan suka fara ganin ayu a rayuwarsu.

Akwai abin da maza ba za su lura da shi ba, Malam ka isar wa Hajiya. Yawancin masu zuwa bakin ruwan Veracruz 'yan ƙasar ne da iyalansu, kaka da jikoki, da kular abinci. Da yawansu da riga da gajeren wando suke shiga ruwa. Ni da doguwar rigar wankata da hijabi na shiga, an kalle ni, amma kallon baƙuwa ne, babu wanda ya tsangwame ni. Ban ji kunyar abin da yarana za su gani ba. Wannan a wurina ya fi launin yashi.

Da daddare kuma ku je dandalin tsakiyar gari, zócalo. A wasu darare tsofaffi kan fito rawar danzón, mazan da fararen kaya har takalmi, matan da mafici a hannu, suna takawa a hankali. Da safe ku shiga Gran Café de la Parroquia. Za a ajiye maka kofin gilashi da ɗan baƙin gahawa a ƙasansa. Sai ka ɗauki cokali ka ƙwanƙwasa gilashin, wani ya taho da babbar butar ƙarfe, ya ɗaga ta sama ya tsiyayo madara mai zafi har ta yi kumfa, kamar mai shayin bakin tasha yana shiƙa shayi. Tagwayena sun so su fasa kofin don a sake zuwa.

Hajiya_Fagge:
Ku yi haƙuri in ɗan katse ku. Mu da muke gida Kano fa, yaya maganar biza take? Ko sai mazauna Amurka?

Alhaji_Fatake:
Hajiya, mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma ofishin jakadancin Meziko yana Abuja. Amma akwai sassauci: wanda ke da katin zama na dindindin na Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ƙasashen Schengen ba ya buƙatar bizar yawon buɗe ido. Haka wanda ke riƙe da bizar ɗaya daga cikinsu wadda ba ta ƙare ba. Ke nan Abban Khadija ba shi da matsala, sai dai ya tabbata kowane yaro da fasfonsa da katinsa.

Inda mutanenmu ke tuntuɓe shi ne hanya. In jirginki zai sauka a Amurka, ko canjin jirgi kawai za ki yi, sai da bizar Amurka. In ta Faris ko Madrid ko Amsterdam ne, mai fasfon Najeriya sai da bizar wucewa ta filin jirgi. Shi ya sa da yawa ke bin Turkish ta Istanbul, yana sauka birnin Meziko da Kankun. Da an isa, jami'in shige da fice ne ke yanke kwanakin da za a ba ki, iyakarsu 180, kuma yana iya ba ki ƙasa da haka. Ki riƙe tikitin dawowa da takardar otal a buge, kada ki dogara da waya. Dokokin nan suna sauyawa, a duba shafin ofishin jakadancin kafin a biya kuɗin jirgi.

Hajiya_Fagge:
Allah ya saka da alheri, Alhaji.

Injiniya_Coatza:
Na yi aiki a Coatzacoalcos, can kudancin jihar inda masana'antun mai suke. Ko Kankun ko Veracruz ka zaɓa, akwai abin da sai ka shirya masa, shi ne man alade. Manteca suke ce masa. Yana shiga dakakken waken da suke soyawa, yana shiga tamales, yana shiga picadas da gorditas na karin kumallo, har wani burodin. Kuma in ka ce ba ka cin alade, mai abinci zai ce to, ya kawo maka ƙwai da jamón ko chorizo, waɗanda da naman alade ake yin su, domin a tunaninsa tsokar nama kake nufi. Sai ka lissafa masa ɗaya bayan ɗaya: sin puerco, sin manteca, sin jamón, sin tocino, sin chorizo, wato ban da naman alade, ban da mansa, ban da sauran abubuwan da ake yi da shi. Ka rubuta a takarda ka riƙa miƙawa. Tortilla ta masara zalla babu komai a cikinta, ta fulawa ce ake tambaya.

A nan ne Veracruz ta yi mana rana, domin abincinsu na alfahari kifi ne. Huachinango a la veracruzana jan kifi ne da ake dafawa da tumatir, albasa, tafarnuwa, zaitun da ɗan barkono. Arroz a la tumbada shinkafa ce mai romo da jatan lande da kaguwa da kifi, a tukunyar ƙasa ake kawo ta tana tafasa. Ga soyayyar ayaba ko'ina. Ban taɓa kwana da yunwa ba.

Abu biyu za a kiyaye. Akwai wani abin sha da ake kira torito, ana yin sa da madara da gyada ko wani ɗan itace, yana da kauri da zaƙi, kuma barasar rake ce a ciki. Ana miƙa wa baƙo ɗanɗano a kasuwa, kada yara su karɓa. Sannan tacos al pastor da tacos árabes, duk da cewa 'yan ci-rani daga Gabas ta Tsakiya ne suka kawo salon gashin, yawanci naman alade ne.

Almajirin_Zariya:
Ƙari kan na Injiniya. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, don haka kaguwa da jatan lande babu damuwa. Naman shanu da kaza na mahautarsu kuwa malamai sun yi saɓani a kai, kowa ya tambayi malaminsa tun kafin ya tashi. Kai matafiyi ne, kana da rangwamen ƙasaru. Ba za ka ji kiran salla ba, sai ka dogara da manhajar waya, alƙibla kuma arewa maso gabas take daga can. A saka buta a jaka.

Uwar_Tagwaye:
Buta kam dole. Ruwan famfo kuma ba a sha, na gora ake saye.

Ɗan_Maigatari:
Ni ban taɓa taka Meziko ba, amma sunan garin nan na san shi tun kafin yau. Sana'ata zoɓo. Muna saye daga manoman Jigawa, a tsince, a cika buhuna, a kai Legas a loda kwantena. A takardun kayan da na taɓa haɗawa, tashar da aka rubuta za a sauke Veracruz ce. Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon Najeriya. Shekarun baya da suka dakatar da karɓa saboda wani ƙwaro da suka ce sun gani a kaya, mun ji a jikinmu, daga Maigatari har Dawanau farashi ya faɗi warwas, mutane sun yi asara. Abban Khadija, don Allah in ka je ka shiga kasuwa ka duba mini yadda suke sayar da shi da nawa kilo.

Ɗalibin_Puebla:
Baba Ɗan Maigatari, zoɓonku yana kan kowane tebur a nan. Agua de jamaica suke kiransa, kusan duk gidan abinci akwai shi a manyan tuluna na gilashi, kusa da ruwan tsamiya da wani farin abin sha na shinkafa da kirfa. Nasu ba sa sa citta da kanumfari, sukari ne kawai da ƙanƙara. A kasuwa ana bambanta na gida, wanda ake nomawa a jihohi irin su Guerrero, da na waje, kuma na gida ya fi tsada. Masu sayarwa da yawa za su ce maka na waje daga Najeriya ko Sudan yake.

Ɗan_Maigatari:
Allahu akbar. Ka ga abin da nake faɗa wa yaranmu ke nan, kayanmu ya fi mu yawo.

Malamin_Tarihi:
Tun da mai tambaya ya ce tarihi yake so, bari in sa baki, domin ta wannan fuskar Kankun ba ta kama ƙafar Veracruz ba. Kankun gari ne da gwamnati ta tsara don 'yan yawon buɗe ido a shekarun 1970, ko da yake kusa da ita akwai kufan tsoffin biranen ƙabilar Maya masu daraja. Veracruz kuwa ita ce ƙofar da komai ya shigo ta cikinta. A gaɓar nan Hernán Cortés, jagoran Sifaniyawan da suka ci Meziko da yaƙi, ya sauka a 1519. Ta tashar nan azurfa ke fita zuwa Sifaniya, kuma ta nan aka riƙa shigo da bayi daga Afirka. Ganuwar San Juan de Ulúa da ke gaban birnin tana nan, ana shiga. A nan Sifaniyawa suka tarwatsa jiragen Turawan Ingila John Hawkins da Francis Drake a 1568, kuma Hawkins fataucin bayi ne ya kai shi yankin. Ita ce wuri na ƙarshe da sojan Sifaniya suka riƙe a Meziko, sai 1825 suka miƙa wuya. Daga baya ta zama kurkuku, har Benito Juárez an tsare shi a ciki kafin ya zama shugaban ƙasa. Faransawa sun kai wa birnin hari a 1838, Amurkawa sun mamaye shi a 1847 da kuma 1914.

Amma abin da nake so yaranka su gani shi ne wani ƙaramin gari kusa da Córdoba mai suna Yanga. Gaspar Yanga ɗan Afirka ne da aka bautar a gonakin rake. Wajen 1570 ya gudu da wasu, suka hau duwatsu suka kafa matsuguni, suna noma suna kare kansu shekaru da dama. A 1609 Sifaniyawa suka tura runduna. An ƙone matsugunin, amma an kasa kama su, dole aka zauna sulhu. Ƙarshenta aka amince musu da garinsu na 'yantattu, San Lorenzo de los Negros, wanda aka mayar da sunansa Yanga a 1932. Akwai mutum-mutuminsa riƙe da adda, sarƙa a tsinke. Wannan fa sama da shekara 200 ke nan kafin Meziko ta haramta bauta a 1829. Yaro baƙar fata da ke tasowa a Amurka ya kamata ya san wannan labarin.

Nana_Zango:
Malam, ina gaisuwa daga Kumasi. Na karanta labarin Yanga, kuma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Cikin sharuɗɗan sulhun har da cewa mutanensa za su riƙa mayar da duk bawan da ya gudo musu daga baya. Wannan ya tsaya mini a rai. In za a ba yara labari a ba su duka.

Malamin_Tarihi:
Gaskiyarki, 'yar'uwa, sharaɗin yana nan, kuma an yi irinsa da Maroon, wato bayin da suka gudu a Jamaika, a 1739. Ni ban ga ya rage masa daraja ba. Dattijo ne da mata da yara a bayansa, daula guda a gabansa, ya karɓi abin da zai iya samu. Amma na yarda a faɗa wa yara, su ma su yi tunani. In ƙara da cewa jinin Afirka bai ɓace a jihar ba. Akwai wurare masu suna Mandinga da Mocambo, akwai Coyolillo kusa da Xalapa. A ƙidayar 2020 mutum kusan miliyan biyu da rabi a Meziko suka ce su 'yan asalin Afirka ne, kuma sai a 2019 tsarin mulki ya ambace su.

Nana_Zango:
Ni dai har yanzu abin bai kwanta mini ba, amma na fahimce ka.

Sadaukin_Manden:
Ai alaƙarmu da wurin ta girmi zamanin bauta. Ku je gidan tarihi na Xalapa ku ga manyan kawunan dutse na Olmec, mutanen dā na yankin, faffaɗan hanci, kaurin leɓe. Fuskokinmu ne. Sarkin Mali da ya gabaci Mansa Musa ya shiga Atlantika da jirage bai dawo ba. Ina kuke tsammani ya je?

Malamin_Tarihi:
Ranka ya daɗe, labarin sarkin nan yana nan a rubuce, al-Umari ya kawo shi daga abin da Mansa Musa ya faɗa a Alƙahira lokacin hajjinsa na 1324. Amma ka duba shekaru. Olmec sun yi zamaninsu ne tsakanin wajen 1200 zuwa 400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Tsofaffin kawunan sun girmi daular Mali da sama da shekara 2,000. Dutsen da aka sassaƙa su daga duwatsun Tuxtla na cikin jihar aka jawo shi, kuma irin wannan fuskar tana nan a tsakanin 'yan asalin yankin har gobe. Masu haƙa ƙasa ba su yarda da wannan magana ba. Mu da muke ƙorafi idan Turawa suka ce ba Afirkawa ne suka gina Zimbabwe ta dā ba, bai kamata mu ƙwace wa wasu aikin kakanninsu ba.

Gidan tarihin dai a je. Kawuna 17 aka gano gaba ɗaya, 7 suna can.

Sadaukin_Manden:
Masu haƙar ƙasar su waye, kuma wa ya horar da su? Ni ban gamsu ba. Amma kada mu ɓata wa mai tambaya zance.

Bakatsine_Dallas:
To an sha tarihi. Babu wanda ya yi maganar tsaro. Veracruz na cikin jihohin da aka fi kashe 'yan jarida a Meziko, kuma gungun masu fataucin ƙwaya suna can. Mutum da mace da yara biyu, ba ya jin Sifaniyanci. A Kankun daga filin jirgi sai otal, an gama.

Injiniya_Coatza:
Ba zan musa ba, Alhaji, matsalar tana nan, kuma kudancin jihar inda na zauna ya fi tsanani. Amma jihar doguwa ce, gaɓarta ta kai wajen kilomita 700, mutanenta kusan miliyan 8. Birnin Veracruz da Boca del Río da Xalapa da Coatepec wurare ne da iyalan Meziko ke zuwa hutu kullum. Kankun da Tulum ma an sha yin harbi a cikinsu. Ka'idar ɗaya ce: ba a tafiyar dare tsakanin garuruwa, a bi manyan hanyoyin da ake biyan kuɗi, a hau motocin bas na kamfanin ADO daga tasha, kada a yi ado da gwal.

Abin da ya shafe mu kai tsaye wani ne daban. Jihar na kan hanyar bakin haure masu nufin Amurka, cikinsu har da 'yan Haiti da 'yan Afirka. Ana tare mota a hanya a duba takardu, kuma baƙar fata ake fara nufa. An taɓa tsayar da motarmu, jami'i ya wuce kowa ya tsaya a kaina. Na miƙa fasfo da katin aiki, ya duba, ya mayar mini, ya sauka. Abin ya yi mini ciwo, amma bai wuce haka ba domin takarduna suna jikina. Abban Khadija, duk tafiyar da za ku yi tsakanin garuruwa, ainihin fasfo da katin kowa su kasance a jikinka, kada a bar su a otal.

Hajiya_Damagaram:
Ni shawarata ita ce a tambayi matar. Ita za ta yi fama da yara in iska ta hana fita.

Abban_Khadija:
Hajiya, tana nan kusa da ni, tare muke karantawa. Na gode ƙwarai jama'a. Maganar Uwar Tagwaye kan sutura a bakin ruwa ta shige ta, maganar iskar nan kuma ta sanyaya mata gwiwa. Tambaya biyu: in muka ɗage zuwa wani watan fa? Kuma abokina yana ta ambaton kufan tsohon birnin El Tajín da masu lilo daga saman sanda, ana iya haɗawa da Yanga a mako guda?

Ɗalibin_Puebla:
Kowane wata da nasa, Yaya. Afrilu da Mayu iska ta tafi amma zafi da gumi sun zo, makon Ista kuma bakin ruwa ba masaka tsinke, otal ya yi tsada. Yuni zuwa Nuwamba damina ce da lokacin guguwa, a Agustan 2021 guguwar Grace ta faɗa wa arewacin jihar wajen Tecolutla. A gefen Kankun kuma akwai ciyawar teku, sargazo, da ke tarar musu a bakin ruwa tana ruɓewa tana wari, yawanci daga bazara zuwa ƙarshen damina. Disamba na cikin watannin da ba ta cika damunsu ba. Ke nan in teku zalla ake so kuma Disamba dole, Yaya Bakatsine ya fi ni hujja.

El Tajín na arewa, kusa da Papantla, wajen awa huɗu a mota daga birnin. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1992. Akwai dala mai ƙananan tagogi 365. Masu lilon kuma 'yan ƙabilar Totonac ne: mutum biyar ke hawa sanda mai tsawon wajen mita 30, ɗaya ya tsaya a ƙololuwa yana busa sarewa yana kaɗa ɗan ganga, huɗu su ɗaure igiya a ƙugu su saki jiki da kai ƙasa, suna kewayawa har su sauko. Asalinsa ibadarsu ce ta neman ruwan sama, in kana da damuwa da wannan ka sani tun yanzu. Papantla kuma ita ce gidan vanila.

Yanga tana yamma ne, ta hanyar Córdoba, ƙasa da awa biyu, kuma in sama ta washe za ku hango Pico de Orizaba mai tsawon mita 5,636 da ƙanƙara a kansa. Xalapa wajen kilomita 100 ce, kan tudu, akwai sanyi da yayyafi a Disamba, a tafi da rigunan sanyi. Da yaro ɗan shekara 7, ni zan bar El Tajín. Ku zauna a Boca del Río, ranar da teku ya kwanta ku tafi tsibiri, ranar iska ku hau tudu.

Malamin_Tarihi:
A bar El Tajín? Haba ƙanina. Gara a bar gidan kifaye, akwai irinsa a Houston.

Uwar_Tagwaye:
Malam, da gani ba kai ke riƙe yara a mota awa huɗu ba. Ni Tlacotalpan zan saka a madadinsa, tana bakin kogin Papaloapan, gidaje kala-kala masu baranda, ita ma tana jerin UNESCO tun 1998, kuma a yini guda an je an dawo. Hajiyar Abban Khadija, in kina so ki yi mini magana ta akwati in turo miki hotunan bakin ruwan yadda yake, ki gani da idonki kafin ku yanke.

Bakatsine_Dallas:
Ni ina nan kan bakata. A kai su Kankun bana, su more ruwa. Yanga ba za ta gudu ba, Malam ya je da abokinsa wani lokaci, tun da ma akwai jirgi daga Houston kai tsaye.

Nana_Zango:
In ya je shi kaɗai ai yaran ba su gani ba, kuma don su aka kawo maganar.

Ɗalibin_Puebla:
In dai kun tsaya kan Veracruz, Yaya, ka kama otal wanda za a iya soke shi ba tare da asara ba, domin ana sanar da zuwan norte kwanaki kaɗan kafin ta iso. Kuɗin kwale-kwalen tsibiri kuma kada ka biya tun daga intanet. Ka bari sai safiyar ranar, ka je Antón Lizardo ka ga an buɗe tashar, ka ƙirga rigunan ceto har da masu girman yara, sannan ka yi ciniki.

Ɗan_Maigatari:
Ɗalibi, kafin Malam ya yanke shawara, kai da kake can ka taimaka ka leƙa kasuwar Puebla ka tambayo mini farashin kilon na waje da na gida. Kakar bana ta kusa, ina so in san inda zan tsaya da masu saye.